Wa Zai Koyi Aikin Fitar Da Ɗiyanmu Daga Ƙwaya? Magana Ga Matasan Arewa



Maganar tramol an yi ta har baki ya gaji. An yi ta a masallaci ranar Juma'a, mun yi ta a rediyo, ana yin ta kowace shekara ranar 26 ga Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Kowa ya yarda masifa ce. Amma akwai tambaya guda da muke tsallakewa: yaron da ya riga ya faɗa ciki, in ya ce yau yana son fita, hannun wa za mu miƙa shi?

Ra'ayinmu a nan shi ne, Arewa na bukatar ɗiyanta, maza da mata, su koyi wanga aiki a matsayin sana'a, da karatu da diplom da sitaji, kamar yadda ake koyon ungozoma ko malanta. Kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba.

Mu duba yadda abin ke tafiya a ƙauye kamar Lugu. Yaro ya tafi cin rani Legas ko Kwatano, ko ya bi ayarin zinariya zuwa Jado tun da anka gano ta a 2014. Can anka ba shi ƙwaya ɗaya don ya jure aiki. Ya dawo gida damina ta faɗi, ya ga da ita yana noman da ya fi na kowa, har ana yaba shi. Shekara biyu, uku, ɗaya ba ta isarshi, sai biyu, sai huɗu. Ran da babu ita, jiki ya ɗau ciwo, zufa, gudawa, ba barci, ba haƙuri. Sai buhun gero ya fara raguwa a rumbu, akuyar inna ta ɓace.

Daga nan gida kan bi hanya uku. Ta farko faɗa da duka. Ta biyu a kai shi wurin malam ko mai magani, wani lokaci har da mari a ƙafa. Ta uku a kira jandarma, a ce gwamma kaso da wanga abin kunya. In duk sun ƙi, kuma yaro ya fara faɗuwa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya ko yana surutai, sai a sayar da bisa a nufi Doso, ko babbar asibitin Yamai, sashen nan da kowa ya sani da Pabiyon E, tafiyar da ta haura kilomita 270 daga Dutsi. Wasu kuma su ƙetare iyaka zuwa asibitin ƙwaƙwalwa ta Kware kusa da Sakkwato. Can a yi mashi magani, ya samu sauƙi, a dawo da shi. Ya tarar da fadarsu tana nan, mai tebur yana nan, zaman banzan rani yana nan. Wata biyu ya koma. Sai a ce ai shi ba ya jin magani.

Tsakanin asibitin Yamai da ƙofar gidansu ne babu kowa. Wurin nan ne mai ba da shawara ga masu shaye-shaye ke tsayawa.

Ba mu raina aikin jami'an tsaro ba. Ƙasarmu na da dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi tun 1999, kuma hukumar OCRTIS na kamu. Kowa ya ji labarin tan 17 na wiwi da anka kama a Yamai a 2021. Dole a ci gaba da toshe hanyar masu shigowa da kaya. Sai dai kama dila ba ya cire ƙwaya daga jinin wanda ya shekara biyar yana sha. Ba mu raina wa'azi ba kuma. Wa'azi na tsare wanda bai fara ba, yana ƙarfafa wanda ya tuba. Amma wanda jikinshi ke rawa da asuba saboda babu ƙwaya, ya san haramun ce tun kafin mu faɗa mashi. Abin da bai sani ba shi ne yadda zai kai azahar bai sha ba.

Batun mari kuwa, makwabtanmu sun riga sun nuna mana ƙarshenshi. A watan Satumba na 2019 ƴan sanda sun fasa wani gida a Rigasa cikin Kaduna, sunka fito da mutane sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. A watan da ya biyo baya anka sake ganin irinshi a Daura da Katsina. Iyayen da sunka kai ɗiyansu can ba mugaye ba ne. Rashin wata ƙofa ya sa sunka ƙwanƙwasa waccan. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To mene ne ainihin aikin, kuma me ake koyo?

Abu na farko, sanin ƙwayoyin kansu da abin da suke yi wa jiki. Tramol magani ne na gaskiya, na kashe zafin ciwo, dangin su morfin. Wanda likita ke rubutawa yawanci miligiram 50 ne ko 100, kuma ba a yarda babban mutum ya wuce miligiram 400 a yini ba. Wanda ke yawo a tebur da jakar ƴan talla kuwa akwai na 120, na 200, na 225, har na 250. Ku lissafa wanda ke haɗiye huɗu na 225 da shayin safe. Shi ya sa ake faɗuwa da shure-shure, shi ya sa numfashi ke iya tsayawa, balle in an haɗa shi da diyazefam ko giya. Wanda ya yi karatun ya san cewa mai shan giya kullum ko diyazefam, in anka yanke mashi rana ɗaya anka kulle shi a ɗaki, yana iya mutuwa, don haka sai da likita ake rage mashi sannu a hankali. Ya san wanda ya suma ba a ɗura mashi madara ko ruwa a baki. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya CSI. Ilimi kaɗan ne a baki, amma rai yake cetowa.

Abu na biyu, iya tambaya. Tun yaushe, nawa a yini, da me ake haɗawa, yana barci, yana cin abinci, ya taɓa tunanin kashe kanshi? Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta tsara jerin tambayoyi da ake kira ASSIST don auna zurfin da mutum ya yi. Da shi ake rarrabe wanda hira da bibiya za su wadatar, da wanda dole a tura wurin likita yau ɗin nan. Mai ba da shawara ba ya rubuta magani in ba likita ba ne. Sanin iyakarka na cikin karatun.

Abu na uku shi ne mafi wuya gare mu: saurare. Mu mutane ne masu nasiha. Da zarar yaro ya buɗe baki mun cika shi da "ka ji tsoron Allah, ka dubi uwarka". Akwai wata dabarar hira da wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, William Miller, ya fara bayyanawa a 1983, daga baya sunka faɗaɗa ta shi da Stephen Rollnick. Mu kira ta hirar zaburarwa. Tushenta shi ne, dalilin da mutum ya furta da bakinshi ya fi riƙe shi bisa dalilin da anka ɗora mashi. Maimakon "ka bari ko ka mutu", sai ka ji mai aikin ya ce: "Ƙanena, me ƙwayar ga ke yi maka wanda kake so?" Yaro ya ce ƙarfin aiki, da mantuwa da tunani. "To me ta karɓe maka?" Sai ya yi shiru, can ya ce babur ɗinshi, da yarinyar da anka hana shi. Daga nan magana ta fara. Abin kamar wasa, amma sai an yi ta gwaji gaban malami yana gyara maka, don harshe ya saba da gajeren wa'azi.

Abu na huɗu, aiki da gida. Uwa na zuwa da kuka, uba da fushi. Mai aikin zai zauna da su ya ce: "Inna, kar ki ƙara ba shi kuɗɗi a hannu, amma kar ki hana shi tuwo. Baba, in ya kwana uku bai sha ba, ka nuna mashi ka gani." Kuma zai shirya su tun da wuri cewa komawa na iya faruwa. Shaye-shaye ciwo ne mai dawowa, kamar hawan jini ko ciwon suga. Mai hawan jini in jininshi ya sake hawa ba a korar shi daga gida. Ana komawa wurin likita a duba abin da ya kuskure.

Abu na biyar, riƙon sirri. A birni wannan ƙa'ida ce a takarda. A ƙauyen da kowa dangin kowa ne, ita ce jarin aikin baki ɗaya. Ran da maganar mutum ɗaya ta fita zuwa fada ko bakin rijiya, ba wanda zai sake zuwa.

Yanzu ga hanya, ga ɗalibin da ke karanta mu a CEG ko lise.

Shawararmu ita ce ka fara da sana'a mai tushe, sannan ka ɗora wanga ilimi a kanta. Mai BEPC na iya neman shiga makarantar kiwon lafiya ya yi shekara uku ya fito ASB, ma'aikacin lafiya na matakin farko. Mai BAC na iya neman ENSP Damure Zika ta Yamai ko ENSP ta Damagaram, ya yi lisans na jinya ko ya bi ɓangaren asistan sosiyal. Akwai kuma Jami'ar Abdu Mumuni, inda ake karanta ilimin halayyar ɗan Adam da ilimin zamantakewa, ga kuma sashen likitanci ga mai dogon numfashi da ke son zama likitan ƙwaƙwalwa. In makarantar kuɗɗi za ka shiga, kafin mahaifinka ya sayar da sa, ka tabbatar gwamnati ta amince da ita kuma ɗalibanta na zama jarrabawar ƙasa.

In lokacin sitaji ya zo, yawancin ɗalibai gudun sashen masu taɓin hankali suke yi. Kai ka roƙa a tura ka can. Wata uku kusa da wanda ya daɗe cikin aikin, kana kallon yadda yake karɓar mai fushi da mai kuka, ya fi littafi goma. In za ka rubuta memuwar ta ƙarshen karatu, ka ɗauki batun garinku: ƴan kabu-kabu, manoma, ƴan cin rani, matan aure.

Bayan haka akwai karatun da ba ya bukatar jika ko ɗaya sai kuɗɗin intanet. OMS ta fito da shirin mhGAP a 2008, da littafin jagora a 2010, musamman don ma'aikatan lafiya da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, irin majo na CSI. Akwai shi da Faransanci, kyauta, kuma akwai babi guda kan shaye-shaye. Akwai manhajar horo ta duniya da ake kira UTC, wadda ƙungiyar Colombo Plan ke yaɗawa, da jarrabawar da ke ba mutum shaidar ƙwarewa. Ƙungiyar ISSUP ta masu wanga aiki na da shafi a intanet inda ake sanar da horo. Wanda Allah ya buɗa wa hanya har Dakar, can akwai cibiyar CEPIAD a asibitin Fann, wadda anka buɗe a ƙarshen 2014, inda likita da ma'aikacin jinya da asistan sosiyal da tsofaffin masu sha ke aiki tare ƙarƙashin rufi ɗaya.  Ba abin da ya hana mu.

Gargaɗi guda a nan. Mun san yadda atelye ke tafiya a ƙasar ga: kwana uku a ɗakin taro, shayi da burodi, perdiyam, hoto, atestasiyo. Yana da amfaninshi wajen faɗakarwa. Amma wanda ya yi kwana uku bai zama gwani ba, kuma in ya buɗe ɗaki ya fara karɓar marasa lafiya, ɓarnarshi na iya fin ta mai tebur. Takarda ba ita ce ƙwarewa ba. Ƙwarewa ita ce karatu, da aiki ƙarƙashin idon wanda ya fi ka, da wurin da za ka kai ƙara in lamari ya fi ƙarfinka.

Mun san abin da wasu za su rubuta a ƙasan wanga rubutu, don haka bari mu amsa tun yanzu.

Za a ce: ina albashin? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba za mu ce da kowa kujera na jiran shi ba. Dalilin da ya sa munka ce a fara da jinya ko asistan sosiyal ke nan. Diplom ɗin farko shi ke ciyar da kai. Na biyu shi ke bambanta ka da sauran ɗaruruwan da ke riƙe da irin takardarka suna jiran konkur. Kuma matsalar ba ƙarama ba ce da za a ce gobe ta wuce. Binciken da anka yi a Najeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 sun yi amfani da ƙwaya cikin shekara guda. A shekarar ce kuma Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Kasuwarmu da tasu ɗaya ce, ɗiyanmu can suke cin rani. Asibitoci, gidajen kaso, makarantu da ƙungiyoyi duk za su nemi wanda ya iya aikin ga, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Za a ce: wannan aikin malamai ne da masu maganin gargajiya, abin iska ne. Mu a Arewa ba baƙi ba ne ga wanga zance. Lugu gari ne da mutane ke kai damuwarsu tun kafin Sarauniya Mangu ta tare sojojin Bule da Shanuwan a 1899, kuma har gobe mutum in ya rasa mafita wurin manya yake fara zuwa, malami ko mai gargajiya, kafin ya tuna da likita. Mai ba da shawara da ke da hankali ba ya faɗa da su. Zuwa yake ya gaishe su, ya ce: "Ranka ya daɗe, ku ci gaba da addu'a, amma in kun ga yana faɗuwa ko ya daina barci, ku turo mana shi, kuma a cire sarƙar nan." Baƙon da anka turo daga nesa, wanda ba ya jin Hausar Arewa, bai san gaisuwar wuri ba, ba zai iya wannan ba. Ɗan gida ne zai iya. Mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo.

Za a ce: ɗiya mace me ya kai ta cikin ƴan ƙwaya? Ai ba maza kaɗai ke sha ba. Akwai matan aure da ƴan mata da ke shan maganin tari ko na barci cikin ɗaki, ba mai sani sai abin ya yi nisa. Mace ba za ta zauna gaban namiji baƙo ta faɗi abin da ke hana ta barci ba. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. In ba mu horar da mata ba, da yawa daga cikin marasa lafiyar ba za mu taɓa ganin su ba.

Wasu kuma za su ce: wanda ya taɓa sha ya bari ai ya fi kowa sanin abin. Akwai gaskiya a ciki. Maganarshi na shiga kunnen ƴan fada fiye da tamu. A jawo shi, a ba shi horo, ya yi aiki tare da ma'aikacin lafiya. Amma kar a bar shi shi kaɗai da nauyin, don shi ma mai jinya ne, kuma zama cikin masu sha kullum jarrabawa ce gare shi.

Saura abin da ke wuyanmu mu jama'a.

Hukumomin kwamin na Dutsi da Tibiri: kowace kwamin ta ɗauki nauyin karatun yaro ɗaya da yarinya ɗaya, da yarjejeniya a rubuce cewa in sun gama za su dawo su yi wa yankin aiki na wasu shekaru. Kuɗɗin bai kai na bikin buɗe taro ɗaya ba.

Ƙungiyoyin ƴan asalin Arewa na Yamai, Legas, Kwatano da Abijan: kun gina masallatai, kun haƙa rijiyoyi, Allah ya saka. Ku ƙara da wannan. Yawancin yaran ga a hannunku sunka sauka ran da sunka fara cin rani.

Shugabannin kiwon lafiya na gunduma: a ba majo na CSI horon mhGAP, a ware ɗaki ɗaya da rana ɗaya a mako. In da hali a sa ta ranar kasuwa, don ranar kowa na shigowa gari, ba mai tambayar me ya kawo wane. Kuma kar a rubuta komai a ƙofar ɗakin da zai sa mai shiga ya ji kunya.

Sarakuna da limamai: kalma ɗaya daga bakinku cewa neman magani ba abin kunya ba ne ta fi shirin rediyo goma.

Iyaye kuma, in ɗiyarku ko ɗanku ya ce wanga fanni yake so, kar ku ce zai ƙare cikin mahaukata. Wanda zai jinya gobe yana iya zama ɗan ɗakinku.

Muna son jin ta bakinku. Ɗalibai da ke ENSP ko jami'a ƴan yankin ga, ku faɗa wa ƙannenku yadda ake shiga da abin da ya kamata su shirya. Ma'aikatan lafiya da ke karanta mu, ku gyara mana inda ya kamata, ku ƙara abin da kuke gani a wurin aiki. Roƙo ɗaya: kar a ambaci sunan ɗan kowa ko gidan kowa a cikin sharhi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun ji daga gare ku.